Ƙafar da Na Ɓoye wa Baba

Jiya, ranar tuna Jibin Ubangiji, aka miƙo mini ƙwaryar ruwa a majami'armu ta Matameye, sai na tuna Baba, dattijonmu. Kowace shekara shi ke durƙusawa ya wanke mana ƙafa kafin a gutsuttsura gurasa, yadda Almasihu ya yi wa almajiransa.

Bara daga lambun rake na taho, ƙafata duk faso da laka. Kunya ta sa na naɗe ta cikin riga.

"Ɗana, mai tsabta me zan wanke masa?" in ji shi.

"Baba, sai baɗi."

Bai ga damina ba.

Jiya ni na durƙusa a gurbinsa. Allah ya ba shi hutawa, ni kuma ya koya mini miƙa ƙafa.