Jar Fitilar da Ɗanliti Ya Haɗa wa Goggo

Sa'idu tela yana kan keke yana haɗa hannun wata riga sai wayarsa ta yi ƙara. Sebastian ne, mai aikin famfo da ke bin sababbin gine-ginen unguwar Azuba tare da Ɗanliti.

"Oga Sa'idu, ka zo fa. Ɗanliti ya faɗi a wajen aiki. Mun kai shi asibiti, amma... E don go, Oga. Ya tafi."

Sa'idu ya yi ta maimaita innalillahi, ƙafarsa tana taka keken bai sani ba, har allura ta bi ta kan wuyan rigar. Hawan jini ne, in ji likita. Mutumin da kullum yana kan tsani, wayar wuta a baki, ashe ciwo na cinsa a ɓoye.

Sunansa na yanka Muhammad Sani, amma duk unguwar Bukan Sidi ba mai kiransa da shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, ƙanwar babansa ta ɗauke shi. Ita ce Goggo, Bafulatanar da ta bar ruga tun tana amarya, ta zauna tana sayar da man shanu a ƙofar gida. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na su Sa'idu. A lokacin bayan unguwar gonakin rogo ne da bishiyoyin mangwaro, wuta kuwa sai fitilar ƙwai. Su biyun sukan tsinto matattun batura su shanya a rana, Ɗanliti ya ɗaure su da kyauro, ya jona ƙwan tocilan. In ya kawo ɗan haske sai su yi ta tsalle kamar an yi musu kayan salla. Da suka tasa Sa'idu ya kama ɗinki, shi kuma ya bi wani ɗan Ibo mai haɗa wutar gidaje har ya ƙware. Ya auri Bilqis, ya yi ɗan gininsa a Azuba, ya yi juyin duniya Goggo ta bi shi, ta ce ba inda za ta.

Wata damina Goggo ta fito alwalar asuba cikin duhu, santsi ya kwashe ta a tsakar gida. Tana nan kwance har hantsi kafin Rahma, matar Sa'idu, ta ji nishinta. 'Yar Goggo, Adawiyya, ta taso daga Keana da mota, ta ce yau sai ta tafi da uwarta.

"Gawata za ki ɗauka," in ji Goggo. "Nan mijina ya ajiye ni. Awakina fa? A buhu za ki zuba su?"

Ɗanliti ne ya roƙi Adawiyya ta ba shi dama. Ya kafa ƙaramin faifan sola a kan rufi, ya rataya ƙwan fitila a tsakar gida, ya yi masa makunni biyu: ɗaya a kan gadon Goggo, ɗaya ya fasa katanga ya sa a zauren Sa'idu, don in ta manta da fitilar a kashe mata kada batir ya ƙare.

Abin da bai faɗa wa Sa'idu ba shi ne irin wannan makunnin ba a gane shi da sama ko ƙasa. Washegari da asuba Sa'idu zai fita masallaci ya ga nasa yana ƙasa, ya ɗauka fitila ta kwana a kunne, ya danna. Goggo tana tsakiyar wanke fuska duhu ya rufe ta. Ta lallaba ta koma ɗaki ta kunna. Shi kuma da ya ji motsin butarta, sai ya ce ai gara ya mayar mata da haskenta, ya sake dannawa, duhu ya sake rufe ta. Gari na wayewa gida ya turnuƙe da hayaƙin habbatus sauda, Goggo na zaune bakin ƙofa da carbi. Ɗanliti na isowa ta tare shi.

"Liti, zo ka cire abinka. Da mutanen ɓoye ka haɗa ni."

Ɗanliti ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Goggo, aljanin naki ga shi nan, tela ne, kuma bai iya wuyan riga ba."

"Kai ne babban aljanin," in ji Sa'idu. "Ta ina zan san a kunne take, katanga ta tare ni?"

Nan dariyar ta tsaya. Ɗanliti ya jima yana kallon bangon. Da yamma ya dawo da wasu jajayen ƙwayaye ƙanana kamar ƙwayar wake. Ya ja ƙarin waya tun daga jikin fitilar tsakar gida, ya dasa ja ɗaya a saman kowane makunni. In fitilar na ci, jan zai kama a ɓangarorin biyu, ko wa ya danna.

Don batir aka yi shi, amma sai ya zama wani abu dabam. Kullum asuba Sa'idu zai fara duban bango. In ya ga ja, Goggo ta tashi lafiya. In bai gani ba, ya zagaya ya buga ƙofa. Da wannan Adawiyya ta haƙura ta koma Keana. Goggo ma ta gano nata amfanin: in kaɗaici ya dame ta da rana sai ta yi ta kunnawa tana kashewa, har Rahma ta yafa mayafi ta shiga hira. Shekaru suka tafi a haka. Duk Juma'a Ɗanliti zai zo da ledar lemo, ya duba batir, ya sha zagin Goggo a kan ramar da ya yi.

Bayan sadakar uku Adawiyya ta fara naɗe zannuwan uwarta.

"Yaya Sa'idu, ban raina ƙoƙarinku ba. Amma mai gyaran ya tafi. Ran da abin nan ya mutu, wa zai taɓa shi?"

Wannan karon Goggo ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta, shi ne abin da ya fi karya zuciyar Sa'idu. Ya shiga shago ya ɗauko wani gwangwanin madara mai jajayen ƙwayaye da sukundireba a ciki. Ya cire kan batir, ya kwance murfin makunnin Goggo, ya zare ƙwan da ke ciki ya sa sabo, hawaye na hana shi ganin kan sukurun. Ya mayar da komai.

"Goggo, danna."

Ta danna. Jan ya kama. Adawiyya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye zanin da ke hannunta a kan gado, ta zauna kusa da uwarta tana kuka. Goggo ta ci gaba da zama a ɗakinta.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarsa ce Ɗanliti ya kawo gwangwanin. Ya tsare Sa'idu ya ce yau Sa'idun ne zai canja ƙwan da hannunsa.

"Ni tela ne, mutumina. Ina ruwana da waya?"

"Cire kan batir tukuna. Yauwa. Dubi hannunka yana rawa kamar na sabon ango."

"In ta ja ni, kai za ka riƙe min Rahma da yara."

"Wutar sola ce, ko kaza ba ta ja. Ɗaure sukurun. Ka ga? Ai ka iya."

Ya hau babur ɗinsa ya tayar, sannan ya waiwayo.

"Ka ce wa Rahma ta daka sakwara ran Lahadi, ina tafe."

"Kai dai da ciki! Allah ya kai mu."

"Amin, tela."