Babur Mai Lamba Ɗari Uku da Sha Bakwai

Duk wanda ya taɓa kai babur gyara a unguwar Mahdiya ya san Karimoune. Mutumin Tasawa ne daga Nijar, gajere, mai furfura a gefen kai, shekararsa goma sha ɗaya a wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe a nan Sabha. Bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi kunne. Kafin mai babur ya gama sallama ya riga ya faɗa masa abin da ke damun injinsa. Yawanci ƙananan baburan China ake turo masa, irin waɗanda leburori ke hawa su uku-uku zuwa gona, shi kuma ya yi ta yi musu faɗa a kan baƙin mai da ba sa canjawa.

Shekara biyu da suka wuce wani saurayi Balarabe, Ahmed, ya tsaya a ƙofar shagon da wani babur da Karimoune bai taɓa ganin irinsa ba ko a waya. Ja da fari, gabansa a sunkuye. Ahmed ya ce kamfanin da ke yin sa ya cika shekara hamsin, shi ne ya ƙera guda ɗari biyar kacal a duniya, da injin da aka ɗauko daga baburan tsere. Ƙarfin doki ɗari biyu. Kilomita ɗari uku a awa. A saman kan babur an zana 317 a jikin wani ɗan ƙarfe. Ina za ka yi gudun ɗari uku a Sabha, garin da kowane titi rami ne da yashi da shingen masu bindiga? Karimoune bai tambaya ba. Da aka tayar da injin sai ya rufe ido, don tunda yake bai taɓa jin injin da ba shi da ƙorafi ko ɗaya ba.

"Usta," in ji Ahmed, haka suke kiran gwanin sana'a, "zan je wajen haƙar zinariya a iyakar Chadi. Kwana goma. Babana ba ya son ganin wannan a gida. Ka riƙe mini amana. Duk Juma'a ka tayar da shi, kada batir ya mutu. Kuma ban da man kwalba."

Karimoune ya karɓi makulli da hannu biyu, ya ce ya riƙe. Kalmar nan ita ta ɗaure shi.

Kwana goma suka zama wata, wata ya zama shekara. Wayar Ahmed a kashe. Wasu suka ce an tare motarsu, wasu suka ce rami ya rufta da su, babu dai wanda ya ga gawa. Karimoune ya tura babur can ƙuryar shago, ya lulluɓe shi da bargonsa, ya jera tsofaffin tayoyi a gaba. Bai taɓa hawansa ba. Baƙon da ba shi da iƙama, takardar zama, ya fito a kan wannan abu, ai a shingen farko za a kira shi ɓarawo. Yakan rufe shago rabin yini ya bi layin gidan mai don lita biyu, alhali ga masu kwalba a bakin titi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ja ƙofa, ya tayar da shi minti biyar, ya kashe.

Ana haka sai matarsa Ramlatou ta kira daga Tasawa. Mahaifiyarsa Hajjo ta kwanta. Idonta ya tafi, ƙafafu sun kumbura, kuma sunansa take kira.

Ranar ya fara ɗaure kaya, sai idonsa ya faɗa kan bargon. Ya je wajen Mijinyawa, Bakano mai sayar da kayan gyara a unguwar Jadid, abokinsa na shekaru, ya roƙe shi ya ajiye.

"Karimoune, ka ce in ba ka kuɗin mota in ba ka yanzu," in ji Mijinyawa. "Amma babur ɗin ɗan gari da ya ɓata? A same shi a shagona in ce me? Ina da iyali."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa haka ya ce. Saura hanya ɗaya, wadda Karimoune ya shekara biyu yana tsoro: gidan su Ahmed. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa a unguwar Abdulkafi. Ya je yana jiran a shaƙe shi a ce ina ɗanmu.

Ba a shaƙe shi ba. Mahaifin, dattijo ne siriri, ya zaunar da shi, ya sa aka kawo shayi, ya saurari Larabcinsa na kasuwa har ƙarshe. Karimoune ya ajiye makulli a kan tabarma. Dattijon ya dubi makullin kawai, bai taɓa ba.

"Wa ya ba ka?"

"Ahmed, ya Hajj."

"To shi za ka mayar wa. Ranar da wannan abu ya shigo gidan nan ba shi a kai, uwarsa za ta san mun haƙura da shi. Ni ban haƙura ba. Ɗana zai dawo, kuma wajenka zai fara zuwa." Ya tura makullin da ɗan yatsa. "Kana tayar da shi?"

"Duk Juma'a."

Sai tsohon ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Wallahi da ya zage shi da ya fi sauƙi. Da zagi ne, da Karimoune ya jefar da makulli ya nemi motar Agadas a ranar. Amma yaya za ka ce da mutum mai kuka ɗansa ya mutu, kai da ba ka gani ba? Ya ɗauki makullinsa ya fito.

Juma'ar da ta biyo baya, Ramlatou ta kara wa Hajjo waya a kunne. Ya ba ta labarin duka, yana jira ta ce ya bar komai ya taho. Da ta faɗa, da ya samu abin kamawa.

"Ka amshi amana da bakinka?" Muryarta da ƙyar take fita.

"Na amsa, Inna."

"To mi zan ce maka? Ba ni na koya maka ba?" Ta ja numfashi. "Tada min moton nan. Ba ni gani, amma ina ji. In ji abin da ya riƙe min ɗa."

Ya yaye bargon, ya murɗa makulli, ya danna. Ƙarar ta cika shagon, ƙofar ƙarfe na karkarwa. Ya miƙa wayar kusa da injin, hawaye na zuba a gemunsa, kunnensa kuma na neman aibu ko ɗaya, bai samu ba. Bayan minti biyar ya kashe, ya mayar da wayar kunnensa.

"Na ji," in ji Hajjo. "Shi kam lahiyarshi lau. Ka kula da shi da kyau."