Kogon da Labbo Ya Sani a Bushe

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da ruwan Bakolori ya karɓi ƙanena Labbo, bai kuma dawo mana da ko hularsa ba. Duk shekara idan rani ya tsananta, ruwan dam ya ja baya, mutane kan tsaya a teburina a kasuwar Mafara su yi mini ta'aziyya sabuwa fil, su ce Allah ya jiƙan jarumi. Nakan ce amin, da gaske kuma nake. Amma tsufa ya rage mini kunya, don haka bari in faɗa wa masu karatu kai tsaye: kishin Labbo nake yi, yau da ba ya nan ma fiye da lokacin da muke cin tuwo a kwano ɗaya.

Ƙauyen da aka haife mu yana ƙarƙashin wannan ruwa, wajen Maradun. A bayan gari akwai wani dutse mai kogo, nan muke laɓewa muna yara idan an tura mu kiwon awaki. Kana shiga ta babban baki a tsaye, ka duƙa, ka ja ciki ta wani lungu, sai ka ɓulla ta wata ƙaramar kafa a bayan dutsen. Labbo ya fi kowa saurin ɓulla. Ni kuwa tun a lokacin ina da jiki, sai yara sun ja ni ta ƙafa suna dariya. Da aka tare ruwa aka tashe mu, mahaifinmu ya kwaso mu zuwa Mafara ya ci gaba da sana'arsa ta fawa. Ni na gaji wuƙa. Labbo kuwa ya ce warin jini yana tayar masa da zuciya, ɗan mahauci guda, ya koma bin masunta har ya iya nutso fiye da waɗanda aka haifa a cikin jirgi.

Daga nan komai ya zama nasa. Ni ne nake tashi zuwa kwata wurin yanka kullum, ni nake kawo cefanen gida, amma ranar da Labbo ya shigo da giwan ruwa a kafaɗa sai mahaifiyarmu ta yi ta guɗa kamar an naɗa shi sarauta. Akwai Kulu, 'yar kawunmu, wadda na daɗe ina aika wa hanta da ƙoda mafi kyau a kasuwa. Ta ci hantar, ta gode, ta zaɓi Labbo. Ni na yanka bijimin bikinsu, kuma kowa ya ce naman ya yi daɗi.

Ranar da abin ya faru ina kasuwa, masuntan da ke wurin ne suka ba ni labari. Jirgi ya kife da wani mai sayar da albasa ɗan Damri a kusa da inda tsohon ƙauyenmu yake. Masunta suka yi ta nutso ba su same shi ba. Sarkin ruwa, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce wataƙila ruwa ya tura shi cikin kogon dutsen nan, kuma shi bai yarda kowa ya shiga ba.

Labbo ya yi dariya ya ce, "Kogon ga, baba? Ni as san shi. Ido rufe nika hita ta baya."

Dattijon ya ce, "A bushe kas san shi, ɗana. Kak ka shiga."

Ya shiga. Sun dai samu ya yarda aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Igiyar ta yi ta tafiya, ta tsaya, sannan ta saki. Da suka jawo ta, ba ta tsinke ba, ba dutse ne ya yanke ta ba, kwance ta aka yi da hannu. Masuntan suka rasa gane dalili, amma duk wanda ya yi yarinta a ƙauyenmu ya gane nan take. Igiya ba ta bin wannan lungun. Labbo ya kwance ta ne don ya ja ciki ya ɓulla ta ƙaramar kafar baya, yadda ya saba tun muna kiwon awaki.

Aka shiga nema. Masunta suka zo daga garuruwan bakin ruwa, malamai suka duƙufa da addu'a, mata suka yi sadaka, mu kuwa muna zaune a gaɓa muna kallon ruwa kamar zai yi magana. Gawar mai albasa ta taso da kanta cikin ciyawa, can nesa da dutsen, bai ma taɓa kusantar kogon ba. Daga baya aka kawo wasu masu nutso daga nesa, masu goya tukunyar iska a baya. Babbansu ya nutsa, ya kewaye dutsen, ya fito ya ce kafar baya ta toshe da laka tun da daɗewa, shi kuma ba zai shiga ta gaba ba. Ya ce nutso a sarari daban, shiga kogo daban, shi ma bai koyi wannan ba. A sarari idan ka tsorata sama kake yi, a kogo kuwa samanka dutse ne. Ƙafarka ɗaya ta taɓa ƙasa laka ta tashi, ba ka ƙara ganin ko tafin hannunka, ba ka san ina ne gaba ina ne baya ba. Mutane suka ce matsoraci ne, aka yi ta zaginsa har ya shiga mota. Yau ina fata yana can ya tsufa cikin jikokinsa.

Haka Labbo ya tafi, ba likkafani ba kabari. Ya bar Kulu da ciki, ta haifi namiji aka sa masa Sahabi. Ta jira shekarun da alƙali ya ɗibar mata, sannan manya suka ce in aure ta in riƙe yaron. Kada wani ya ce tilasta mini aka yi, da gudu na amsa. Sai dai ban san cewa da Labbo zan zauna a gidan ba. Mamaci ba ya minshari, ba ya dawowa daga kasuwa da baƙin rai, ba ya cewa babu. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah, idan na kai mata romo sai ta kurɓa ta ce Labbo yana son romo. Kulu ba ta taɓa yi mini gori ba, mace ce mai kirki, amma idan aka ambaci dam takan bar abin da take yi ta shiga ɗaki. Ni na goyi Sahabi zuwa asibiti da ƙyanda ta kama shi, ni na kai shi makaranta, ni na nema masa gona a Bakura, ni na yi masa aure. A gari kuwa har gobe sunansa ɗan Labbo, jinin jarumi. Jarumin da ko mutum ɗaya bai fitar daga ruwa ba a ranar, Allah ya gafarta mini.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Da ya ga magudanan da aka yi mana alkawarin alheri da su, wasu sun cika da ciyawa. Da ya ga hanyar Maradun da muke bi a kan keke muna waƙa, yanzu sai mutum ya yi addu'a ya ƙara kafin ya hau. Da ya gan ni, haƙora sun zube, gwiwa tana ƙara, shi kuwa yana nan a bakin mutane da ƙuruciyarsa da faɗin ƙirjinsa. Na san dariya zai yi, ya ce Mande, har yanzu kana nan kana wari. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yi dariya da ya ga abin da ɗansa ya sayo.

Bara Sahabi ya fara kallon masu nutso a waya. Bana, bayan ya sayar da shinkafa, sai ga shi da tukunyar iska ta gwanjo da gilashin ido, wai wani direba ya kawo masa daga kudu. Ba wanda ya koya masa komai. Yakan gwada a magudanar ruwan gonarsa, inda ruwa bai wuce wuyan mutum ba, ya fito yana murna. Wata rana ya zo ya durƙusa a gabana, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya ce idan ruwa ya ja baya zai shiga kogon ya ɗauko ƙasusuwan mahaifinsa a yi masa sutura.

Na faɗa masa duk abin da mutumin nan na nesa ya faɗa. Na ce idan dole ne, ya je inda ake koyarwa ya koya a hannun waɗanda suka sani, ko shekara nawa za a yi. Na tuna masa da matarsa da 'yarsa mai rarrafe. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ubana na."

Ban taɓa jin magana ta yanke ni haka ba. Na juya wajen Kulu, don na tabbata uwa ba za ta bari ba. Tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Nan na gane ita ma tana so a samo shi. Ban yi fushi da ita ba, na yi fushi da Labbo, wanda yake kwance cikin laka yana kiran mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya.

Da safiyar da Sahabi ya shirya, na hau mota na bi shi har gaɓa. Na same shi yana ɗaura tukunyar, wani mai jirgi yana jiransa. Ban ƙara roƙonsa ba. Na cire takalmi na ajiye hula, na ce, "To mu tai. Kai ka bi ubanka, ni in bi ɗana." Na taka cikin ruwan da rigata. Ni Mande ban iya iyo ba, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, kowa a gidanmu ya san haka. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ina jin yaron yana kiran Baba, ban waiwaya ba. Sai ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafata.

Ban san sauran ba. Na farka a gaɓa ina amai, tukunyar iska tana yashe a gefe, Sahabi yana rungume da kaina yana kuka yana mini faɗa, wai wane irin tsoho ne ni. Mai jirgin ya ce bai taɓa ganin wauta irin tawa ba, kuma bai yi ƙarya ba, kada wani ya kwaikwaye ni. Muka dawo Mafara a mota ɗaya, mu biyu a jiƙe. Tun daga ranar bai sake ɗaukar tukunyar ba. Ya rantse mini ba zai kusanci kogon ba muddin bai koya a hannun masana ba, na kuma lura ya daina zancen.

To me ya rage na Labbo bayan shekarun nan? Sunansa ya rage, da dariyarsa da har yanzu nake ji, da zuciyar da ta sa shi shiga ruwa don baƙon da bai sani ba, wadda ni ban da irinta kuma na sani. Ina roƙon Allah ya sa kogon nan ya zame masa dausayin aljanna. Ka riƙe yabon, ƙanena, ka riƙe ƙuruciyar, ka riƙe ma abin da Kulu take shiga ɗaki ta tuna, na bar maka. Yaron dai ba zan ba ka ba.