Kan burtun Baba

Shekara uku ina yawo da kyamara a bayan garin Dakoro, kuma duk abin da na tara bai wuce balbela da kurciya da shamuwa a kan gawo ba. Tsohuwar kyamara ce da na saya a Maraɗi, ba ta jawo abu daga nesa. Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, hutun damina kaɗai nake samun sararin wannan shirme, kamar yadda yayana yake kiransa.

A irin wannan hutun ne Baba ya dawo daga gonarsa ta hanyar Ɗan Gulbi ya ce ya ji kukan gauraka a tabkin da ke bayan gonar. Baba ya haura tamanin, idonsa ya yi yana. Yaya ya dube ni, na dube shi. Rabon da a ga gauraka a wajenmu tun muna yara. Washegari Yaya ya ɓoye hauyarsa, ya ce gigin tsufa ya fara, daga yau ba gona ba daji, ya zauna a zaure. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗauko littafina na tsuntsaye na Faransanci ina yi wa Baba bayanin cewa babu sauran gauraka a yankinmu. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Kwana huɗu Baba yana zaune a zaure. A na biyar ya kira ni ɗakinsa, ya jawo wani tsohon taiki, ya fito da kan burtu: busasshen kan tsuntsun a jikin lanƙwasasshen icce, da madaurin fata. Da shi ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Maharbi kan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya yi rarrafe yana kaɗa kai kamar burtu na kiwo, namun daji ba su gudu.

"Kai mushe," in ji shi, "tsaye kake zuwa musu kamar za ka shiga aji. Wane tsuntsu zai jira ka?"

Na ce, "Baba, in ɗalibaina suka gan ni fa?"

"To zauna, mu zama mu biyu a zauren."

Bayan sallar asuba na hau babur, na nufi tabkin. Na ɗaura kan burtun, na lulluɓe da baƙin zane, na yi rarrafe cikin ƙarangiya, gwiwoyina na tsiyayar jini, ina zagin kaina. Baba ya ce kada in miƙe hanya, in riƙa karkacewa, in sari ƙasa sau biyu, in tsaya. Haka na yi ta yi har na iso bakin ruwa, ban ga komai ba sai kirinjijiya.

Sai na ji shi. Kuka mai kauri, daga maƙoshi, har cikin ƙirjina. Gauraka ne, su biyu, suka fito daga ciyawa, dogaye, baƙaƙe, kumatu fari da ja, tukkun kansu kamar sabuwar tsintsiya da rana ta haska. Ɗayan ya buɗe fukafukai, farin ya cika mini ido, ya yi tsalle ya sauko ya rusuna wa ɗan'uwansa. Taku goma tsakaninmu. Suka dube ni, suka ci gaba da rawarsu, don a wurinsu ni burtu ne. Tasbihi kawai nake yi. Wallahi na manta da kyamara a ƙarƙashin zanen, sai da suka yunƙura za su tashi na danna sau ɗaya.

Hoton ya karkace, ƙafar ɗayan ma ba ta fito ba. Da na koma gida, Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya shiga rumbu ya ɗauko hauyar, ya durƙusa ya ajiye ta gaban Baba.

Na miƙa wa Baba kyamarar. Ya kai ta dab da ido, ya girgiza kai, ba ya ganin komai.

"Su nawa ne?"

"Biyu, Baba."

Ya ɗauki kan burtun yana shafawa. "Da can sai su rufe tabkin nan. Da wannan na ci amanarsu, ni da irina." Ya miƙo mini shi. "Riƙe. Amma in an tambaye ka inda ka gan su, ka ce tsohon ne ya ruɗe."

Ya dogara hauyarsa ya tashi, ya ce a ɗaura wa jaki akumari, gona za shi.