Ludayi Ɗaya Na Ba Shi

A gidanmu na Jakara ba a kashe wutar tuwo sai Iya, kakarmu, ta gama da ita. Bayan magariba takan jawo kujerarta 'yar tsugunno bakin murhu, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta da fara'a sosai, kuma ba ta lallashin mai sauraro. In ka yi surutu sai ta tsuke baki, kowa ya tashi da haushinka.

"Ga wata nan tafe," takan ce, mu ce ta shigo mu ji ta.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wani maƙeri da duk gari ke ƙauna, mutumin da bai iya cewa a'a ba. Ya kwanta ciwo, mai magani ya ce kada zuma ta taɓa bakinsa. To amma 'yan dubiya ba sa zuwa hannu rabbana. Kowa ya shigo da ɗan ƙoƙonsa, ya ce, "Ludayi ɗaya ai ba ya komai." Shi kuma don kara ya shanye. Kwana bakwai aka kai shi makwanci. Alƙali ya tara mutane yana neman mai laifi, kowa ya rantse ludayi ɗaya ya bayar. Sai ya sa aka kawo randa, ya ce kowa ya zuba nasa. Kafin rabin layi randa ta tumbatsa.

"To wa ya kashe shi, Iya?"

"Ku kuka sani. Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Shekara talatin ban tuna da maƙerin nan ba, sai da ciwon suga ya kama Baba, gyambo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce in sugan bai sauka ba, za a yanke. Muka hana shi shayi mai zaƙi, muka hana lemon kwalba. Awo dai ya ƙi sauka.

Ashe 'yan dubiya ne. Kowa da lemon kwali mai hoton mangwaro, Gwaggo Asabe ƙanwarsa kuwa katan guda take kawowa. Baba cewa yake ruwan 'ya'yan itace ne, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya.

Na juya kwalin na karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. A jerin abubuwan haɗi, daga ruwa sai sukari, mangwaron yana can baya. Yawan sukarin da suka rubuta kuma na kofi ɗaya ne, alhali kwalin kofi huɗu ne, Baba kuwa a zama biyu yake gamawa da shi. A giram suka rubuta shi, giram huɗu kuwa kusan cokalin shayi guda ne. Na lissafa, na auna sukarin a kofin gilas, na ajiye gaban Gwaggo.

"Gwaggo, ga abin da ke cikin kwali ɗaya."

"Ke Binta, ni zan kashe ɗan'uwana? Ɗan abin da nake kawowa?"

"Kowa ɗan abu yake kawowa, Gwaggo."

Ta yafa mayafi ta fita, ko sallama babu. Na ji ba daɗi, amma ban bi ta ba. Tun daga ranar ni ke karɓar kayan dubiya a soro, in yi godiya, in karanta bayan kowane kwali kafin ya shiga ɗaki. Aka ce na cika iyayi, boko ya lalata ni.

Da ina ƙarama na ɗauka Iya wayo ta yi mana da ta ƙi faɗar mai laifi. Yanzu ina ganin mutum ɗaya aka rasa a garin maƙerin nan, wanda zai yarda a ji haushinsa.

Har yau Gwaggo da ƙyar take amsa gaisuwata. Baba kuwa da ƙafafunsa biyu yake zuwa masallaci.