Motar Baba Ari ba ta son zama

Jiya da safe na tarar da maƙwabcinmu Baba Ari zaune cikin tsohuwar motarsa, ya riƙe sitiyari, ba makulli. Tun da idonsa ya fara dushewa ɗansa Modu ya karɓe makullin, har yana maganar kiran 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗauke ta.

Motar nan ta girme ni. Mitarta ma ta gaji da ƙirga tafiya ta tsaya, amma ban taɓa ganin ana tura ta ba. Baba da kansa yake juye mata baƙin mai a ƙofar gida, ya wanke fulogi da fetur a gwangwanin madara.

Na ce, "Baba, sai ina haka?"

Ya yi dariya. "Ina za ni, ɗana? Ni ba tuƙi nake roƙo ba. A bar ni in riƙa ɗuma ta kawai. Mota kamar tsoho take, zama ke kashe ta."

Na samu Modu na yi ta lallashi, na ce ni zan riƙa jan motar ina fita da Baba. Da ƙyar ya miƙo makullin.

Bugu ɗaya ta tashi. Muka kama hanyar Damagum, Baba na gefena, ido a rufe, yana sauraron inji. Can ya dafa gwiwata ya ce, "Tsaya mu ɗaure fanbel, yana kuka."

Wallahi yadda muryarsa ta fito, kamar shi aka tayar, ba motar ba.

Masu tsofaffi a gida, me kuka karɓe musu da sunan tausayi?