Waken Tsaskiya a Ƙarƙashin Allura

Zuwairatu ƙanwata ce, kuma tun muna yara a garinmu Tsaskiya ba ta yarda da abin da ido ya gani sai ta shafa. Ita ke tsintar wake a gidanmu, da yatsa take gane mai huji. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji na'urar da take aiki da ita a jami'a ita ma shafawa take yi. Wata allura ce wadda ido ba ya ganin tsininta, tana bin jikin abu a hankali, kwamfuta na zana duk tudu da kwarin da ta taɓa.

Akwai wani jan wake da mahaifinmu ke ajiye irinsa, ƙwari ba su cika ɓata shi ba. Zuwairatu ta kafe cewa sirrin yana jikin fatarsa, a kansa ma ta ɗora binciken digirinta na biyu. Masu jiran na'urar suna da yawa. Kwana biyu kacal aka ba ta, in ta rasa sai baɗi.

Inna ta haɗa mata saƙon waken, ƙulli biyu, ni na kai shi tasha a Safana. Ranar farko allura ta wuni tana santsi, hoto ya ƙi fitowa. Da la'asar Zuwairatu ta kira wayata, ta ce in miƙa wa Inna.

"Inna, mi kika yi wa waken nan?"

"Wanke shi na yi, na shafe shi da man gyaɗa. Abin da za a kai gaban malamai in tura shi da ƙura, a ce ba mu da tsabta?"

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi faɗa. Ita kuwa mai asarar ko gezau.

"Wanda kika ƙulla mani na ci fa?"

"Wannan ko ɓarewa ban yi ba. Ke ai ɗiyar gida ce."

Da wannan ƙullin ta shiga ɗakin bincike washegari, ta ɓare kwanso ɗaya da safar hannu. Kafin azahar hoto ya fito tas, ta turo mini, na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa na kira Zuwairatu, ta karɓi waya.

"Haka kika nuna wa malaman, ba wanki?"

"Haka, Inna. Kuma sun karɓa."